Gilashi Bai San Babban Mutum Ba

Na so a makon nan mu yi maganar takin zamani, amma wani abu ya tsaya min a rai, kuma kun san halina, in ban amayar da shi ba babu abin kirkin da zan iya rubutawa. Manoma su yi min haƙuri. Yau maganar wasa za mu yi, wasan nan da ake kira padel, wanda ya zama abin yayi a Abuja da Legas, har ta kai in ka buɗe Instagram da yamma sai ka ga 'ya'yanmu da iyayensu cikin wani ɗaki na gilashi, an ɗaure goshi da ƙyalle, an riƙe raket ana murmushi. Wasan kansa ba ni da ja a kansa. Mai kyau ne, kuma mutumin da ya ba hamsin baya, mai fama da gwiwa da tumbi, zai fi samun sauƙinsa a kan ƙwallon ƙafa. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda muke karɓar kowane sabon abu: mu sayi kayansa mafi tsada, mu ɗauki hoto, dokarsa kuwa mu bar ta a bakin ƙofa tare da direba.

Masu cewa wasan masu kuɗi ne ba su yi ƙarya ba, a gidan mai kuɗi aka haife shi. A 1969 wani attajiri ɗan Meziko, Enrique Corcuera, ya so ya yi filin tanis a gidansa da ke Acapulco, wuri bai isa ba, sai ya yi ƙarami ya kewaye shi da bango. Abokinsa Alfonso de Hohenlohe ya gani ya yaba, ya kai shi Marbella ta ƙasar Sifaniya a 1974, shekara guda bayan nan wani ɗan Ajantina, Julio Menditeguy, ya kwashi abin ya kai gida. A Sifaniya da Ajantina ne wasan ya sauko daga bene ya shiga unguwa, ya zama na ma'aikaci da ɗalibi da tsohuwa mai jikoki. A 1991 aka kafa hukumar padel ta duniya a Madrid, aka yi gasar duniya ta farko a 1992. Yau kuɗin Katar ne ke ɗauke da babbar gasar ƙwararru, Premier Padel, da aka faro a 2022, kuma mai riƙe da akalarta shi ne Nasser Al-Khelaifi, shugaban PSG ɗin nan da 'yan gidan kallon ƙwallo suka fi sanin sunansa a kan na kansilan mazaɓarsu. Wasa ne da ya haura shekara hamsin, da rubutacciyar dokarsa. Ba jiya aka ƙirƙiro shi a Maitama ba, balle kowa ya zo da tasa.

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni. Ya dame ni da "Kawu, ka zo ka gani da idonka kafin ka zage mu a jarida," sai na bi shi wani fili a Abuja bayan la'asar. Ga wanda bai taɓa gani ba: tsawon filin mita 20 ne, faɗinsa mita 10, raga ta raba shi biyu, tsayinta santimita 88 a tsakiya, 92 a gefe. Ta baya bango ne na gilashi mai tsayin mita 3, an ɗora masa mita guda na waya a sama. Ta gefe gilashin ya ɗan zagayo daga kusurwa, sauran waya ce, da ƙofa kusa da raga. Ƙasa ciyawar roba ce da aka barbaɗa wa yashi. Mutum huɗu ke shiga, biyu nan biyu can. Raket ɗin ba shi da zare irin na tanis, allo ne mai kauri da aka huhhuda, da 'yar igiya a gindinsa. Ƙwallon kuwa in ba an faɗa maka ba za ka rantse ta tanis ce, sai dai iskar cikinta ba ta kai ta tanis ba.

Samarin da na je kallo suna wasansu suna dariya, ba ruwansu. Filin da ke maƙwabtaka da su ne ya ɗauke min hankali. Magidanta huɗu ne, kowanne ya isa ya aurar da 'ya. Ɗaya daga cikinsu, wanda kowa ke ce wa Alhaji, raket ɗinsa sabo fil, ko takardar farashi ba a ɓare ba, kuma tun da aka fara yake dukan ƙwallo da iya ƙarfinsa, har da nishi. Can sai ta zo masa daidai kafaɗa, ya taƙarƙare ya narka mata duka. Ta tsallake raga, ta ratsa tsakanin mutum biyu, ta daki gilashin baya kusan kamu guda sama da ƙasa, ko shafar ciyawa ba ta yi ba. Alhaji ya ɗaga raket sama ya ce, "Arba'in!"

Ɗaya daga cikin abokan karawar ya ce, a hankali, "Alhaji, ai ta fita."

"Ta fita ina? Ba ga ta nan cikin fili ba? In ba a buga gilashi, don me aka sa shi?"

Aka yi ta ja-in-ja, har aka kira yaron da ke kula da filin, wani siririn saurayi da ke gefe yana baza yashi da buroshi. Ya jingine buroshin, ya zo ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai ta fara sauka a ƙasa tukun. In ta daki gilashinsu kai tsaye, makin nasu ne." Magana ta gaskiya, cikin ladabi, ba ƙari ba ragi. Alhaji ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai yaro, nawa ake biyan ka a nan?" Yaro ya sunkuyar da kai. "Ni a Dubai na fara buga wasan nan. Kai ko filin jirgi ka taɓa shiga?" Sai wanda ya fara cewa ta fita ya yi dariyar yaƙe, ya ce, "A bar wa Alhaji, ai wasa ne." Aka bar wa Alhaji. Abin da ya ƙarasa ni shi ne fitowar manajan wurin da sauri. Bai tambayi inda ƙwallo ta sauka ba. Ya ja yaron gefe, na ji da kunnena yana ce masa ya je ya ba da haƙuri. Ya kuwa je ya bayar, hannu biyu a baya.

To ni ba a wurin nake cin abinci ba, ba mai kora ta, don haka bari in ƙarasa abin da aka hana yaron faɗa.

Dokar bango ita ce uwar wasan, kuma ba ta da tsawo. Ƙwallon da ka buga dole ta tsallake raga ta fara sauka a ƙasan abokan karawarka. In ta taɓa gilashinsu ko wayarsu kafin ƙasa, maki ya tafi, ko a wace ƙasa ka koyo wasan. In ta sauka sau ɗaya, to tana iya dukan gilashi ko waya, ta bugi bangon baya ta koma na gefe, duk tana raye muddin ba ta sake taɓa ƙasa ba. Sauka ta biyu ita ce mutuwarta. A nan padel ya rabu da tanis. A tanis ƙwallon da ta wuce ka ta tafi ke nan, a nan kuwa gilashi zai dawo maka da ita in ka ba ta hanya ta wuce, ka juya ka jira ta. Masu koyo wannan ne ke ba su wuya, jiki na so ya kai mata cafka, alhali jira ne maganinta. Haka kuma in an matse ka a lungu, kana da damar ka juya ka buga ta a jikin gilashinka, ta tashi ta tsallake raga ta sauka can. Gilashinka ya halatta, wayarka ba ta halatta ba. In ban da lokacin karɓar sabis, in ka ga dama ka tare ta a iska tun ba ta sauka ba. In kuwa an dake ta ta sauka a filinka ta yi tsalle ta fice ta saman wayar gefe, a filayen da aka tanadi sarari a waje an yarda ka fita ta ƙofa da gudu ka maido ta kafin ta taɓa ƙasa. Ƙwararru na yin haka a talabijin. Mai koyo ya bar wannan tukun, bakin ƙofar ƙarfe ne, kafaɗa kuwa nama ce.

Sai sabis, inda Alhajinmu ya yi ta cilla ƙwallo sama yana sheme ta irin na 'yan tanis, ba wanda ya ce masa uffan. A padel ba a yin haka. Za ka tsaya bayan layin sabis, wanda ke da nisan mita 6.95 daga raga, ka saki ƙwallo ta bugi ƙasa a bayan layin, in ta taso ka buge ta daidai ƙugunka ko ƙasa da shi, aƙalla ƙafarka ɗaya na kan ƙasa. Ba ka taka layi, ba ka gudu, ba ka tsalle. A karkace ake aika ta: ka fara daga damarka zuwa gidan da ke kusurwar can, maki na gaba daga hagu, haka ake ta musanyawa. Dole ta sauka cikin gidan, kan layi ma ciki ne. In ta sauka ta daki gilashi, lafiya lau, a ci gaba. In ta sauka ta daki waya, sabis ya ɓaci. Dama biyu gare ka, ka ɓata duka biyun maki ya tafi. In ta shafi raga ta faɗa gidan da ya dace ba ta taɓa waya ba, sai a sake. Mai karɓa kuma sai ya bari ta sauka kafin ya amsa. Fararen layukan nan na sabis ne kaɗai, da zarar an maido da ƙwallo aikinsu ya ƙare, amma sai ka ga ana musu a kansu tsakiyar wasa. Duk wannan an tsara shi ne don kada mai sabis ya kashe wasa tun ba a fara ba. Sabis a padel sallama ce: ka yi ta yadda za a iya amsawa, sannan a shiga magana. Mai son ya riƙa cin maki da sabis kaɗai, ga filin tanis can.

Lissafin na tanis ne aka aro. Makin farko 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu an ci gem. In aka yi kunnen doki a 40, tsohuwar doka ta ce sai wani ɓangare ya ci maki biyu a jere. A 2020 gasar ƙwararru ta wancan lokaci, World Padel Tour, ta shigo da makin zinare: maki ɗaya tak ya yanke hukunci, masu karɓar sabis su zaɓi wanda zai karɓa a cikinsu. A filin haya wannan ya fi tafiya, tunda awa ake biya. Amma ku yanke wadda za ku bi tun kafin a fara, ba sai an kai 40 da 40 kowa ya tuno dokar da ta fi masa daɗi ba. Gem shida ke ba da turmi, da sharaɗin tazarar gem biyu. In an yi shida da shida sai a yi bugun raba gardama, wanda ya fara kai maki bakwai da tazarar biyu ya ɗauka. Ɓangaren da ya ci turmi biyu cikin uku ya ci wasa. Mutum ɗaya ke yin sabis gem guda cur, sannan sabis ya koma ɗaya ɓangaren, a haka har kowa cikin huɗun ya samu rabonsa. Ana canza gefe bayan gem na ɗaya, na uku, na biyar, haka dai. Kuma mai sabis ya riƙa faɗin lissafi da ƙarfi kafin ya buga, nasa da farko. Rabin rigimar da ake yi a fili daga mantuwar gangan take fitowa, wannan 'yar al'ada kuwa tana toshe mata hanya.

Sauran ƙanana ne, amma su ke haɗa faɗa. Ka taɓa raga da raket, ko da riga, ko da tumbi, alhali ƙwallo na raye, maki ya tafi. Ƙwallo ta same ka a jiki, ko ta sami abokin wasanka, maki ya tafi, ko da kuwa fita za ta yi. Bugu ɗaya kowane ɓangare ke da shi, ba a miƙa wa aboki ya ƙarasa. Ba a zura raket ta saman raga a tari ƙwallon da ba ta iso ba, sai fa in ta riga ta sauka a filinka, ta daki gilashi, tana komawa can da kanta. Igiyar nan kuma ta gindin raket doka ce a zura ta a wuyan hannu. Alhaji ya bar tasa tana reto. Allo mai tauri, hannu mai gumi, mutum huɗu a wuri mai faɗin mita 10. Ranar da ya kuɓuce, a yi addu'a gilashi ya samu, kada goshin wani.

Duk wanda ya bi dokokin nan da natsuwa zai ga inda suka dosa. An gina wasan ne ta yadda zai kunyata mai taƙama da ƙarfi. Ka dake ta da ƙarfi ta yi tsawo, ta fita. Ka dake ta da ƙarfi ta sauka ciki, gilashi ya turo ta tsakiyar fili ya miƙa wa abokin karawarka a sauƙaƙe. Ƙwararru sun iya dukan da ƙwallo za ta fice daga fili ɗungurungum, amma sun san wadda ake duka da wadda ake lallaɓawa, kuma shekaru suka kwashe kafin su sani. Makamin mai koyo shi ne ya ɗaga ta sama ta wuce kan mutanen da suka tsaya a raga, su juya da gudu, shi da abokinsa su matso su karɓe wurin. Masu riƙe da raga su ke juya wasa. Kuma tare ake matsawa, tare ake ja da baya. In ɗaya na gaba ɗaya na baya, an bar ƙofa a buɗe. Baki ma ba ya hutawa: "tawa", "taka", "bar ta", "sun matso". Fernando Belasteguín, ɗan Ajantina, ya yi shekara 16 a jere yana na ɗaya a duniya, 13 daga ciki da abokin wasa guda, Juan Martín Díaz, bai kuma ajiye raket ba sai a 2024 yana da shekara 45. Mai shekara 45 ba da ƙwanji yake karawa da 'yan ashirin ba. Da sanin inda zai tsaya yake yi, da rage kuskure, da haƙurin maido da ƙwallo ɗaya bayan ɗaya har wancan ya ƙosa ya yi wauta. Amma je ka faɗa wa mai sabon raket haka.

Kuma wai mu ne za mu tsaya muna musu a kan bango, sai ka ce baƙonmu ne. Ba na gajiya da maganar wasan fayis, kuma ba yau zan gaji ba. Tun shekarun 1920 wani malamin makaranta Bature mai suna Hogben ya kawo wasan nan na makarantar Eton ta Ingila zuwa Katsina da Birnin Kebbi: mutum huɗu, biyu da biyu, bango uku, ƙwallo da tafin hannu. Sardauna Ahmadu Bello gwaninsa ne, bai bar shi ba har yana Firimiya, kuma akwai kofin da ake bugawa da sunansa. A asalin wasan ko alƙali babu, 'yan wasa ke hukunta kansu, mutum ya faɗa da bakinsa cewa ta sauka sau biyu kafin ya kai hannu, ya ba da makin. Wasan da Firimiyan Arewa ya zaɓa wa kansa ke nan. Yau ka zagaya tsoffin makarantunmu ka ga filayen. Wani bangon ya tsage, wani an mai da shi wurin zuba shara, wani an rushe an yi shaguna. Bango na siminti, tsohuwar ƙwallon tanis, ba kuɗin awa, ɗan talaka da ɗan sarki duk a fili ɗaya. Mun bar shi yana mutuwa, muna bin layin biyan kuɗi don mu shiga na gilashi mu taka dokarsa.

Ko a dandalin dambe, inda jini ke zuba, doka na da ƙima. Turmi uku ne, hannu ɗaya ake naɗewa, gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, ɗan Kudu ne ko ɗan Arewa ko Guramada. Ban taɓa ganin ɗan damben da ya tashi daga ƙasa ya karkaɗe jiki ya tambayi alƙali nawa ake biyan sa ba. Waɗannan fa su ne muke zama a ofis muna kira jahilai.

Za a ce, Malam, wasa ne fa, mutane sun je rage gajiya ka ɗauko musu kundin doka. To ai don wasa ne abin ya fi muni. Ba kwangila a ciki, ba kujera, ba gado. Maki ɗaya ne da ko ruwan leda ba a saye da shi, amma babban mutum ya kasa haɗiye shi sai da ya wulaƙanta ɗan mutane. Wanda ya kasa cewa "gaskiyarka, ta fita" a kan ƙwallon roba, me kuke zaton zai ce ranar da akanta ya nuna masa lissafi bai daidaita ba, ko ranar da jami'in zaɓe ya karanto masa adadin da bai yi masa daɗi ba? Shi ne dai mai bin hannun da ba nasa ba da jiniya, shi ne mai tsallake layi a asibiti, shi ne mai ɗaga waya in malami ya kayar da ɗansa a jarrabawa. Kuma haushin sauran ukun ya fi nasa ci na. Su sun san ta fita, da idonsu suka gani. Suka sayar da yaron a kan murmushin Alhaji, wataƙila don gobe akwai takardar da ake so ya sa wa hannu. Da irin wannan "a bar wa Alhaji" aka bar masa filin makaranta, aka bar masa kuɗin rijiyar ƙauye, aka bar masa ƙasar baki ɗaya. Shi kuwa yaron ya koyi karatunsa ran nan, kuma ba zai manta ba: faɗin gaskiya laifi ne in ba ka zo da mota ba. Gobe in an kira shi, cewa zai yi bai gani ba, hankalinsa na kan yashi. Haka muke ƙera 'yan amshin shata ɗaya bayan ɗaya, sannan mu zauna a majalisa da dare muna tambayar ina masu gaskiya suka shiga.

Masu zuba kuɗi suna gina filayen nan, ku ma ga naku. A Suwidin lokacin korona an yi ta gina su ba ƙaƙƙautawa, yayi ya lafa, daga 2022 kamfanoni suka riƙa durƙushewa, zauruka da dama aka rufe su. Abin da ke riƙe wasa bayan yayi ya wuce shi ne mutanen da suka iya shi suke jin daɗinsa, masu zuwa hoto kuwa za su bi abin da ya biyo baya. Mai koyon da aka cuce shi a makinsa yau aka cuce shi gobe, jibi ba za ku gan shi ba. Don haka ku rubuta dokokin nan a allo, da Hausa da Turanci, da manyan baƙaƙe, a bakin ƙofa. Ku ba kowane sabon zuwa minti goma na bayani kafin ku miƙa masa raket, ko shi wane ne, ko a ina ya ce ya fara bugawa. Ku ware safiyar wasu ranaku ku sauke farashi ga 'yan makaranta, ku ware wa mata lokacinsu. Sannan ku tsaya bayan ma'aikatanku. In yaro ya faɗi doka daidai, wanda bai yarda ba a mayar masa da kuɗinsa ya kama gabansa. Manajan da ba zai iya wannan ba, ya kwance ragar, ya cire gilashin, ya buɗe wurin biki. A can kowa mai gaskiya ne muddin ya yi liƙi.